Ƙahon da Ya Ƙi Busuwa

A gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka akwai abu ɗaya da ko ƙura ba a yarda a kaɗe masa ba, shi ne bakan Baba. Yana saman kabad ɗin ɗakinsa, naɗe cikin wani tsohon bargo ja, kwarinsa na fata a gefe. Tun ina yarinya nake sharar ɗakin nan, har na yi aure, mijina ya rasu na dawo, amma ban taɓa sa hannu a bargon ba sai in Baba ne ya ce a sauko da shi. Ko a lokacin ma tsayawa yake a kaina kamar wadda za ta gudu da shi.

Baba maharbi ne a ƙasar Ningi kafin ya taso. Da ƙafa ya zo yana saurayi, ta Cadi da Sudan, yana tafe yana tsayawa ƙwadago. Bakan ya kwance masa tsirkiya ya mai da shi sandar dogarawa, kibau kuma ya naɗe su cikin tabarma, haka suka haye teku tare. Da ya iso sai ya tarar ya kawo sana'arsa garin da ba a yin ta. A cikin Harami ba a harbi, ba a firgita tsuntsu, ba a sare itace, abin da wani ya yar ma ba a ɗauka sai don a yi cigiyarsa. Mutumin da ya kayar da gwanki ya koma sayar wa alhazai carbi da zobba, tantabaru suna yi masa kashi a kan faranti, ba shi da ikon ko jifansu da takalmi. Ina jin wannan haushin ne ya rasa inda zai sauke, sai ya sauke shi a kan ƙanena.

Mu biyu muka rayu a cikin 'ya'yansa. Ni mace ce, ban shiga lissafinsa ba, kuma na gode wa Allah da hakan. Ƙanena kuwa ya shiga, ya kuma ji a jikinsa. Yaro ne siriri mai tabarau, Larabci ya fi zama a bakinsa kamar duk 'yan unguwarmu, in zai yi Hausa sai ya yi ta tuntuɓe. In baƙi sun zo Baba yakan nuna shi da baki ya ce, "An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ya faɗi haka bai zo gidana ba." A yi dariya, yaron ma ya yi, don bai san me zai yi da fuskarsa ba.

A gidan su Baba akwai wata al'ada. In saurayi ya kayar da babban namijin dawa na farko, sai ya kawo wa ubansa ƙahon. Uban ya zare shi daga ƙashin kai, ya huda shi, ya busa a gaban jama'a. In ƙaho ya yi kuka, sai uba ya miƙa wa ɗa bakansa, daga ranar an san maharbi ne. Haka kakanmu ya yi wa Baba. Shi kuma Baba ya mai da abin waƙa a kunnen ƙanena: "Ranar da ka sa min ƙahon abin da ka harba a tafin hannuna, na busa ya yi kuka, ranar bakan nan ya zama naka. In ba haka ba, gara gara ta cinye shi."

Innarmu, Allah ya ji ƙanta, takan ce, "Haba Malam, ina yaro zai samu abin harbi a Makka?"

Ya ce, "Wanda zai yi, ko a tulu aka rufe shi zai yi."

Ni na ɗauka magana ce irin ta tsofaffi, tana shiga ta nan ta fita ta can. Ashe shi yaron ajiye ta yake.

Ya yi karatu, kansa yana ja, aka tura shi Amurka ƙaro ilimi, ya gama ya samu aiki a can arewacinta, kusa da iyakar Kanada. Muna waya da shi kowace Juma'a. Wata rana ya ce min, "Yaya, na sayi baka." Na ce masa, "Na rataye kaya ne?" Bai yi dariya ba. Ya ce a can akwai dazuzzukan gwamnati, duk wanda ya yanki takarda yana iya shiga ya yi farauta in lokacinta ya yi, kuma akwai wata irin barewa babba mai farin wutsiya, in ta firgita sai ta ɗaga ta kamar tuta ta zura da gudu. Ya ce yawancin maharban can bakansu na ƙarfe ne mai 'yan tayoyi a kowane baki, amma shi na itace ya saya, zalla, irin wanda Baba ba zai raina ba. Da na ji wannan kalma ta ƙarshe na gane inda ya dosa.

Daga nan hirarmu ta koma ta daji. Ni da iyakata Jidda da Ɗa'if, na san dajin nan kamar na taɓa kwana a cikinsa. Ya ce sai ya yi tuƙi har kwalta ta ƙare, ya bi hanyar masu sarar katako har ita ma ta ƙare, sannan ya ajiye mota ya taka cikin fadama, inda sauran maharba suke ƙyuyar zuwa. Ba kare, ba masu kora, ba dafi a bakin kibiya don doka ta hana. Sai mutum ya hau bishiya ya ɗaure wata 'yar kujerar ƙarfe, ya zauna tun kafin gari ya waye, bai motsa ba, bai yi tari ba, sanyi yana cin yatsunsa. Kayan da zai sa ma ba ya wanke su da sabulu mai ƙamshi, cikin buhun ganyaye yake ajiye su. Na ce, "Kai da ko fanka aka kunna sai ka yi mura?" Ya ce, "Wallahi yaya, in na tuna Baba sai in ji ɗumi." Ni kuwa in na tuna Baba ba ɗumi nake ji ba.

Ƙananan barewa sun sha wucewa ta ƙarƙashinsa, ya ƙyale su. Wani tsohon namiji ya sa wa ido, yana ce masa dattijo. Ya ce tsofaffin ba sa yawo da rana, ba sa bin hanyar da mata da matasa suke bi, kuma kafin su shiga fili sai sun zagaya sun sha iska. In iska ta juya ta kai musu warin mutum sau ɗaya, an rabu ke nan sai baɗi. Lokacin barbara kaɗai suke rasa hankali, kamar dai mazan mutane. Shekara ta farko bayansa kawai ya gani. Ta biyu suka haɗa ido, dattijo ya yi wani huci ya ɓace. Ƙanena bai yi aure ba, bai zo gida hutu ba, hutun duk a kan bishiya yake ƙarewa. In na ce ya zo Baba yana tsufa, idonsa ya yi yana har ba ya gane fuska, sai ya ce, "Ba zan zo hannu rabbana ba."

A shekara ta uku ya kira ni yana haki, Hausa da Larabci suna karo a bakinsa. Dattijo ya biyo wata mace da hantsi, ya tsaya kusa har yana ganin tururin hancinsa. Ya yi bisimilla ya saki kibiya, ta shiga bayan kafaɗa ta fita ta ɗaya gefen. Ya bi jini a kan dusar ƙanƙara, ya same shi kwance a bakin fadama, ya yanka. Shi kaɗai ya ja shi zuwa mota har dare. Ya ce da ya dafa wuyansa sai da ya yi kuka. Ni ma na yi, a kicin, ina dama wa Baba kunu.

Ya iso Makka a watan Zulƙida, alhazai sun fara cika gari. Da ya buɗe akwatin a ɗakina sai da na ja da baya. Ban taɓa ganin ƙaho irin wannan ba, mai rassa kamar busasshiyar bishiya, guda biyu a manne da ɓallin ƙoƙon kai, gindinsu da ƙuraje, bakinsu fari sumul. A ƙarƙashinsu kuma ga wasu guda biyu warwas, su ma masu rassa amma ba su kai na saman ba. Ga kuma ƙunshin naman da ya busar da kansa da yaji, wai kason uba. Na tambaye shi waɗancan na ƙasa fa, ya ce, "Su ne shaidata, yaya. Za ki gani." Murna ta hana ni sake tambaya.

Baba ya ce a tara mutane ranar Juma'a bayan la'asar. Abokansa tsofaffin unguwa suka zo, har da maƙwabcinmu mai tasi da wani kafinta. Akwai kuma baƙo, wani alhaji daga ƙasar Ningi. Kowace shekara in alhazan wajen sun iso akan kawo wasu su gai da Baba, su kawo masa kuka da daddawa. Wannan ya ce shi ma gadon farauta ya yi, sai dai yanzu bindiga suke riƙewa, baka sai a wajen biki. Ni ina bayan labule da butar shayi, ina jin komai, ina ganin rabi.

Ƙanena ya fara zagayawa da naman a faranti. Tsofaffi suka ɗiba suna taunawa suna yabawa. Baba ya ce a ajiye masa nasa, sai ya ga ƙaho tukuna. Da yake idon ya tafi, da hannu yake gani. Aka ɗora masa manyan a cinya. Ya shafa gindin, ya bi reshe ɗaya har ƙarshe, ya dawo ya bi wani, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai hanci. Na ga fuskarsa tana canzawa, ban gane ko mamaki ba ne ko wani abu.

Ya ce, "Wannan ƙaho ne ko itacen girki?"

Ƙanena, da yake da Larabci yake kiran uba, ya ce, "Ƙaho ne, abuya. Haka nasu yake." Ya ciro waya zai nuna hoto.

Baba ya ture hannunsa. "Ni da ba na ganin fuskarka zan ga waya? Wayar da ake nuna mutum yana tashi sama? Faɗa min da baki. Ya aka yi ka same shi?"

Ya fara ba da labari, yana tuntuɓe da Hausa kamar kullum. Da ya zo wajen hawa bishiya da kujera, Baba ya ce, "Ashe gaskiya ne, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kai har da kujera ka hau." Aka yi dariya. Da ya ce ba dafi, Baba ya ce, "Allura ka yi masa ke nan." Aka sake yi. Duk da haka hannunsa bai bar kan ƙahon ba, yana ta shafa gindin, kuma na san Baba, abin da ya raina ba ya riƙe shi haka. Na fara sa rai.

Sai ƙanena ya ɗauko waɗancan biyun ya ɗora masa. Ya ce, "Ga shaida, abuya, cewa shekara uku ina bin sa, shi ɗin dai, ba wani ba. Taɓa nan, wannan reshen da ya lanƙwashe. Ga shi a na bara, ga shi a na bara waccan, ga shi a na bana."

Baba ya shafa, ya shafa. Ya ce, "Dabba guda, ƙaho huɗu?"

"A'a, kowace shekara yana zubar da su in sanyi ya wuce, sai wasu su fito da suka fi girma. Waɗannan biyun a ƙasa na same su, a inda yake kwana."

"A ƙasa ka same su."

"Na'am."

"Ka tsinta."

"Waɗannan biyun kawai, abuya. Manyan ni na..."

Baba ya ɗaga hannu. Ya juya wajen baƙon. "Alhaji, kai ɗan gado ne. Gwanki yana zubar da ƙaho?"

Baƙon ya ce a'a.

"Mazo fa? Kanki? Barewa? Ɓauna? Ko ragon gidanku?"

"Ban taɓa gani ba, Baba."

"Yaushe ƙaho yake rabuwa da kai?"

Baƙon ya ce a hankali, "Sai in dabba ta mutu."

Mai tasi ya yi gyaran murya ya ce shi kam ya taɓa gani a talabijin, akwai irin waɗannan a ƙasashen sanyi, kuma da gaske suna zubarwa. Baba ya ce, "Kai da ka ƙare rayuwarka kana farautar fasinja tsakanin unguwar Zahir da Harami, yau kai za ka koya min dawa?" Baba ya juyo wajen ɗansa. "Wanda ya tsinci biyu, me zai hana shi tsintar huɗu? Ka je ka tarar da mushe kyarketai sun ci sun bari, ka kwaso min kai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, da bakinka ka faɗa."

Ina kallo kafinta ya daina tauna. Ya zaro takardar goge hannu ya tofa naman a ciki, ya dunƙule ya tura ƙarƙashin cinyarsa. Sauran ma ɗaya bayan ɗaya suka ajiye abin da ke hannunsu. Naman da yaron nan ya ja cikin ƙanƙara shi kaɗai, ya yanka da sunan Allah, ya zama mushe a bakin mutane cikin lokacin da bai kai a sha kofin shayi ba.

Ƙanena ya rantse. Ya rantse da Larabci, don a nan harshensa ba ya tuntuɓe. Baba ya ce, "Bar rantsuwa a garin Allah. Ƙaho ne zai yi magana. Kafinta, aika a ɗauko zarto."

"Abuya, ba shi da rami. Nasu ƙashi ne har ciki, ba irin na gida ba ne."

"Ƙahon da ba shi da rami? Wanzami da me yake jan jini? Maharbi da me yake kiran 'yan'uwansa? Riƙe min nan."

Wallahi ya riƙe. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin zuciyata tana tafasa. Namiji mai gemu, wanda ya san gaskiyarsa, ya durƙusa ya danne ƙahon da hannu biyu, makahon uba yana goga zarto a gindin na dama. Zarton yana zamewa yana kartar sauran, farin gari yana zuba a kan darduma, ɗaki ya cika da ƙaurin ƙashi. Ba wanda ya ce a bari. Ni ma ina bayan labule, butar shayi ta ƙona min yatsa ban ji ba.

Da ya rabu, Baba ya sa ɗan yatsa yana neman rami. Babu. Ya yanke bakin reshe ɗaya ya sake nema, babu. Duk da haka ya kai baki ya cika kumatu ya busa, don kowa ya shaida. Ba abin da ya fito sai fuu da yawu. Ya jefar da shi tsakiyar ɗaki, ya ce, "Ko saiwa ce ko ƙashin jaki, Allah ya sani. Amma ba ƙaho ba ne, kuma ba harbi ba ne."

Baƙon nan, ina jin so ya yi ya sanyaya wuri, sai ya laluba aljihu ya ce ga 'yar tsarabar da ya zo wa Baba da ita ya manta. Ƙahon gada ne, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, an huda shi an zura masa igiya. Ya ce da kaka ya harbe ta a bayan gonarsa. Baba ya karɓa, ya juya shi, ya kai baki. Wani siririn kuka ya fito, fiii, kamar usur ɗin yara. Na ga fuskar Baba ta saki gaba ɗaya, irin sakin da ban taɓa ganin ya yi wa ɗayanmu ba. Ya sake busawa. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ke! Sauko min da bakan nan."

Na hau kujera na sauko da bargon, na miƙa ta gefen labule. Baba ya warware shi. Itacen ya yi baƙi da tsufa, yana sheƙi a inda hannu ya saba riƙewa. Ƙanena yana durƙushe har lokacin, sai na ga ya goge tafukansa a jikin rigarsa, ya ɗan ɗago. Har a wannan lokacin yana tsammani. Baba ya miƙa hannu ta saman kansa ya ce, "Alhaji, karɓi. Mai da shi gida ya sha iska. Ya gaji da zama cikin mata da 'yan tsintuwa."

Baƙon ya ruɗe. "Haba Baba, ga ɗanka a zaune."

"Tsintacciyar mage ba ta mage. Karɓi na ce."

Ya karɓa, don ba a mayar wa tsoho hannu. Mutane suka tashi tun kafin a kira magariba, kowa yana neman takalminsa ba ya kallon kowa. Baba ya ce in kwashe naman in zuba wa magunan bakin titi, na kwashe na zuba. Ƙanena ya tsince guntayen ƙahon ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan bakin reshen da ya gangara ƙarƙashin matashi, ya mayar akwati ya rufe. Ya yi 'yan kwanaki, kowace safiya yana shiga ya gai da Baba, Baba yana amsawa lafiya lau kamar ba a yi komai ba. Kafin a hau Arfa ya koma. Da zan raka shi bakin mota na ce ya yi haƙuri, tsufa ne. Ya ce, "Da yana saurayi ma haka yake, yaya."

Ni aikina na shekara shi ne sharar gidajen alhazai a unguwar Aziziyya in sun watse, mu da wasu matan unguwa. Wanda bai taɓa shiga masaukin alhazai bayan tafiyarsu ba bai san abin da sikelin jirgi yake sa mutum ya rabu da shi ba. Bokitai, laimomi, silifa wari-wari, kulolin abinci, tabarmin roba, duk a bar su tsibi a bayan ƙofa. A wani bene da alhazan Bauci suka sauka, na tura ƙofar wani ɗaki sai na ga jan bargo a yashe a ƙasa. Ko a mafarki na gan shi zan gane shi. Bakan kuwa yana gicciye a taga, an saƙale bakinsa biyu a ƙarfe, an yi shanya a kai. Har da wani tawul ɗin harami da aka manta, ya bushe ya ƙame, danshinsa ya bar fari a jikin itacen. Kwarin yana cikin bokiti da robobin ruwa.

Ban zagi alhajin ba, ko da yake na so. Mutum ya sayi barguna da dabino da kayan yara, ana auna masa kaya kamar zinariya, me zai yi da sandar da ta fi akwati tsawo, shi da ke da bindiga a gida? Na sauko da shi na goge da mayafina. Nauyinsa bai kai yadda nake zato ba. Na zauna a bakin gado na kira ƙanena, can wajensu safiya ce.

Na ce, "Bakan Baba yana hannuna. Ba wanda ya sani. In ajiye maka, ko in nemi mai zuwa wajenku."

Ya ce, "Shi ya ce ki ba ni?"

"A'a."

"A ina kika same shi?"

Na faɗa masa, ban rage komai ba, har da tawul ɗin.

Ya ce, "To ai tsintuwa ce." Hausarsa ta fita tas, ba tuntuɓe ko ɗaya, ban taɓa jin ta haka ba. "Ni ba itace nake so ba, yaya. Itace ina da shi. Ki bar shi inda kika gan shi. Shi ke nan."

Na yi magiya, na ce na kakanmu ne, ya haye teku, ba wani sai shi. Ya ce zai makara wajen aiki, in gai da Baba.

Na daɗe zaune da bakan a cinyata. Da na ga dama da na kai shi gida na mayar saman kabad, mai shi ba zai gani ba. Amma mai shi ya bayar, wanda aka ba ya yar, wanda ya yi shekaru a kan bishiya dominsa ya ce ba ya so. Ni da ban taɓa shiga lissafi ba, ban ga dalilin da zan ci gaba da yi masa shara ba. Na naɗe shi cikin bargonsa na ɗora a kan tsibin. Da yamma mai gadin ginin ya zo da leburori suka kwashe komai, ina tsaye a taga na ga bakinsa ya leƙo daga bayan motar shara tsakanin karyayyun laimomi.

Na iso gida bayan magariba. Baba yana zaune a kan darduma yana jan carbi, ƙahon gadar nan rataye a wuyansa. Na kawo masa shayi. Tun tafiyar alhazai ba shi da zance sai ɗaya, ya kuwa ɗauko shi. "Yanzu bakana ya isa gida. Damina ce, ciyawa ta rufe dawa, sai da kaka zai fara aiki. Ke ba ki san ƙarar tsirkiyar nan ba."

Na ce, "Bai je ko'ina ba, Baba. A Aziziyya aka bar shi, an yi shanya da shi. Ɗazu motar shara ta tafi da shi."

Ya ɗago kai wajen muryata. Na ɗauka zai ce ƙarya nake, amma ya san ni. Sai bakinsa ya karkace irin yadda yake yi in zai ba mutane dariya, ko da yake ba kowa a ɗakin sai ni.

"Da kin kira ɗan'uwanki mana. Ai tsintuwa sana'arsa ce."

Na ce, "Na kira shi. Ya ce ba ya so."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Aka kira isha'i yana nan zaune, na ɗauke shayin ya huce ko kurɓa bai yi ba.